Ina za mu samu hotunan faɗakarwa da ba za su jawo mana magana ba?

Hadiza, ungozoma, Tawa:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Taimako nake nema. An ɗora mini haɗa takardun faɗakarwa da ƴan rele, wato masu faɗakar da jama'a kan lafiya, za su riƙa zagayawa da su ƙauyuka kafin damina ta kankama. Ɗaya kan maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake raba wa yara wata-wata, ɗaya kan awon dantsen yaro don gano tamowa da iyaye mata ke yi a gida, ɗaya kan abincin yaro bayan wata 6. Rubutun na gama shi, da Hausa da Faransanci. Hotuna ne suka tsayar da ni, kuma kun san matan da za a nuna wa yawancinsu ba su yi lakwal ba, hoton ne zai yi magana. Kuɗin mai zane babu shi cikin kasafin. Na shiga Google, masu kyan duk da tambarin kamfani a tsakiyarsu, sauran kuma Turawa ne cikin kicin mai firiji. Wa ya san inda ake samun na kyauta, wanda in an buga ba wanda zai zo ya ce nasa ne?

Sani mai buga takardu, Tawa:
Wa'alaikumus salam Malama. Ki ɗauki duk wanda ya yi miki ki turo mini, tambarin nan gogewa ake yi, aikin minti biyu ne. Wane Bature ne zai baro Landan ya zo Koloma neman hotonsa a bangon likita? Aikin ceton rai ne, ba sayarwa za ki yi ba.

Isuhu, Yamai:
Sani, kai ma ka san wannan shawarar ba ta ɗorewa. Mai hoton ba sai ya zo Koloma ba. Ranar da aka kammala aikin, wani zai ɗauki afish ɗin, wato takardar bangon, ya sa a Facebook, ko ya shiga rahoton da za a aika wa masu ba da kuɗi, kuma manyan kamfanonin hotuna irin su Getty Images suna bin sawun hotunansu a intanet. Ba mai buga takarda za a nema ba, sunan da ke ƙasan afish za a nema. Goge tambari kuwa shi ke nuna da gangan aka yi.

Yaya Hadiza, abu na farko: Google ba ya da hoto ko ɗaya, nuna miki na mutane kawai yake yi. Hoto daga lokacin da aka ɗauke shi ya zama na mai ɗaukarsa, ko ya rubuta sunansa a kai ko bai rubuta ba. Nijar tana cikin wannan tsarin, muna da dokar haƙƙin mallaka ta 2010, muna da ofishin kare haƙƙin mallaka, BNDA, a nan Yamai, muna kuma cikin OAPI, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta kare haƙƙin fasaha mai mazauni a Yawunde. Amma akwai masu hotunan da suka ba da izini tun kafin a tambaye su, su za ki nema.

Wanda na fi amfani da shi kan cututtuka shi ne rumbun hotuna na CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ana ce masa PHIL. Aikin ma'aikatan gwamnatin tarayyar Amurka ba ya da haƙƙin mallaka, shi ya sa yawancin hotunan can na kowa ne. Na ce yawanci, don akwai ƴan kaɗan da wasu suka ba su aro, to ki duba ƙasan kowane hoto, an rubuta matsayinsa. Sauro, ƙyanda, sankarau, tsutsar ciki, duk akwai. In zanen gaɓoɓin jiki kike so, mahaifa ko huhu ko hanji, akwai Servier Medical Art na wani kamfanin magani na Faransa, zane wajen 3000, sharaɗinsu kawai ki ambaci sunansu. Ƙananan alamomi kuma, allura, ƙwayar magani, mace mai ciki, sange (gidan sauro), ki shiga Health Icons, su ko suna ba su ce a rubuta ba.

Hadiza:
Allah ya saka da alheri ƙanena. Na buɗe PHIL ɗin yanzu, rezo na ja amma ya buɗe. Komai da Turanci ne fa.

Isuhu:
E, da Turanci za ki rubuta abin da kike nema. Sunan cutar na likitanci ma ya isa, ki rubuta Anopheles ki gani.

Majo Abdu, mai ritaya, Ƙwanni:
Madalla da ka ce Anopheles, ɗana, don nan nike son in tsaya. Shekarun da munka yi muna liƙa takardu ga bango, sauron da anka fi sa muna ga takardar palu, zazzaɓin cizon sauro ke nan, shi ne mai zanen baƙi da hwari ga ƙafafu, don shi ya fi kyau ga hoto. To wannan Aedes ne, na zazzaɓin dengi da na shawara, da rana shika cizo. Ka sa shi ga takardar da ke cewa a kwana cikin sange, ka ga takardar ta ƙaryata kanta ke nan. Na palu in ya sauka shina ɗaga gindi sama, jikinshi a karkace, kuma da dare shika aikinshi. Mutanen ƙauye ba za su gane bambancin ba, amma ɗalibin da ka koya wa da wannan hoton zai tahi da kuskuren shekara talatin.

Ɗiyata Hadiza, kyauta ko na kuɗi, fara tambayar kanki ko abin da hoton ya nuna daidai ne. Wanda ya ɗora hoto ga intanet ba lalle likita ba ne.

Ramatu, Yamai:
Baba Majo ya faɗi gaskiya, kuma wannan na faruwa sosai a Pixabay da Pexels da Unsplash, inda kowa ke sa wa hotonsa sunan da ya ga dama. Ni ina rubutu a Wikipedia ta Hausa, bari in yi maganar rumbun hotuna na Wikimedia Commons tunda nan na fi sani. An buɗe shi a 2004, yanzu ya haura fayil miliyan 100, kuma ƙa'idarsa ita ce ba a karɓar hoto sai wanda kowa zai iya ɗauka, ya gyara, ya buga, har ya sayar. In kin ga hoto a can kin tsallake rabin wahala. Ki nema da Faransanci ma, moustiquaire, allaitement, ki kuma rubuta Tahoua ko Niger ko Burkina Faso ko Mali. Akwai gasar Wiki Loves Africa da ake yi tun 2014, ta 2021 kan lafiya aka yi ta, an zuba hotunan Afirka masu yawa a wannan shekarar.

Sai dai ki koyi haruffan nan na lasisin Creative Commons, wato sharuɗɗan izinin da mai hoto ke bayarwa, don za ki yi ta cin karo da su a Flickr da Openverse. BY na nufin ki rubuta sunan mai hoto. SA na nufin in kin sauya hoton, abin da kika fitar shi ma ki bar shi a kan lasisi iri ɗaya. NC, ban da kasuwanci. ND, kada a sauya komai. CC0 kuwa mai shi ya sallama gaba ɗaya. Wanda ya fi cutar da mu shi ne ND, don mu kullum sai mun taɓa hoto: a ƙara wa mace kallabi, a cire cokali mai yatsu a sa ludayi, a mayar da rubutun ciki Hausa. Duk wannan sauyi ne, har fassarar. In kin ga ND ki wuce kawai.

Sani:
To ni nan nake da tambaya. NC ya ce ban da kasuwanci. Ni in na buga wa Malama kwafi 500 kuɗi zan karɓa, ba sadaka nake yi ba. Ke nan na karya doka?

Ramatu:
Kai an biya ka ladan bugu ne, takardar kuma kyauta za a raba ta, yawanci ba a ɗaukar wannan kasuwanci da hoton. Inda ake shiga duhu shi ne in za a sayar da littafin, ko da dala ashirin ne don mayar da kuɗin takarda, ko in kanti mai sayar da magani ya sa sunansa a kai. A nan gara a rubuta wa mai hoton a tambaye shi. Saƙo ɗaya ne, kuma a ajiye amsar.

Isuhu:
Ƙari kan NC: littattafan OMS, hukumar lafiya ta duniya, tun 2016 suna fita a kan CC BY-NC-SA 3.0 IGO. Za ki iya kwafa, ki gyara, ki fassara, in ba sayarwa ba. Abu uku ne mutane ke mantawa. Ba a sa tambarin OMS a kan abin da kika haɗa da kanki. In kin fassara sai kin rubuta cewa ba OMS ce ta yi fassarar ba. Sannan hoton da ke cikin littafin in an rubuta sunan wani a gefensa, wannan na mai shi ne, lasisin littafin bai hau kansa ba.

Kan abincin yara kuma ki nemi IYCF Image Bank, wanda UNICEF ta haɗa da wani shirin Amurka. Zane ne na shayarwa da ciyar da yaro, irin waɗanda ke cikin katunan ANJE na ciyar da jarirai da ƙananan yara da kuka sani, da yawa an zana su da kamannin matan Afirka ta Yamma. Amma kafin ki wahala, ki tambayi masu kula da faɗakarwa a gundumarku ko suna da fayil ɗin katunan da ma'aikatar lafiya ta riga ta amince da su. Sau da yawa abin yana kwance cikin kwamfutar wani.

Hajiya Zainabu, mai kula da ƴan rele, Madawa:
Na karanta duka, kun yi ƙoƙari, amma ni da nake zama kan tabarma da matan nan ina ganin kun fara daga wutsiya. Lasisi matsalar ofis ce. Matsalar tabarma daban take.

An taɓa kawo mana katin ciyar da yaro, zanen ya yi kyau, uwa ta ɗora yaro a cinya tana ba shi kunu. Muna buɗewa mata suka fashe da dariya. Da hagu take ba shi. Wanda ya tsara shafin ya juya hoton ne don fuskar uwar ta kalli rubutu, dama ta koma hagu, shi bai ma lura ba. Ranar nan ba a yi maganar kunu ba, maganar tarbiyyar matar da ke cikin zane aka yi har muka tashi.

Haka abincin. Hoton kyauta zai nuna miki tufa da kifin teku da madarar kwali da karas a faranti. Uwa ta kalla ta ce to ni ina zan samu, shi ke nan kin rufe mata ƙofa, ta ɗauka abincin gina jiki na masu albashi ne. Alhali abin da muke son ta gani yana cikin gidanta: kunun hatsi mai kauri da aka zuba wa garin ƙuli-ƙuli ko wake, ganyen tamakka, kabewa, ƙwai, ɗan mai, garin kuka. Ki nuna mini rumbun intanet da ke da hoton wannan a ƙwarya.

Na uku, ki kula da bibiro. Hotunan jarirai na waɗannan rumbunan rabinsu da kwalbar madara a baki ko a gefen gado. Mu muna ce wa uwa nono zalla har wata 6, ko ruwa kada ta ba shi, sai ga kwalba a takardarmu. Tun 1981 akwai ƙa'idar duniya kan tallar madarar jarirai da ta hana kayan faɗakarwa su ƙawata irin wannan. Ko a kusurwa kwalbar take, ido na zuwa kanta.

Hadiza:
Hajiya wallahi kin taɓo inda ke mini ciwo. Na samu zane mai kyau na shayarwa, yadda bakin jariri ke kama nono daidai, amma ƙirjin matar duk a buɗe. Ƴan rele maza ba za su yarda su ɗaga shi gaban mutane ba.

Hajiya Zainabu:
Ba za su ɗaga ba, za su ninke shafin su wuce. Abin da muke yi, wancan na kusa-kusa ya zauna hannun ungozoma da rele mata, a nuna shi cikin ɗaki. Na bango kuma a sa mata mayafi, a bar fuskar jariri da yadda cikinsa ya manne da cikin uwa. Ga amfanin maganar Ramatu, in lasisin ya hana sauyi ba ki da ikon sa mayafin.

Laminu, ɗalibi, Tawa:
Gaisuwa ga iyayena da yayyena. Ni ban ga abin wahala ba. Yanzu kwamfuta na zana duk abin da ka ce mata. Ka rubuta mace Bahaushiya da zane da kallabi tana auna dantsen yaro gaban rumbu, cikin daƙiƙa goma ta fito. Babu mai hoto, babu lasisi, babu wanda aka ɗauka balle ya yi ƙara. Ga guda biyu na yi yanzu, ku duba.

Majo Abdu:
Ɗana Laminu, na duba. Na farkon igiyar awon tana ga wuyan hannu. Na biyun tana ga dantse amma launukan sun juye, kore na wajen da ja ya kamata shi kasance, kuma yaron jariri ne cikin tsumma. Awon nan na ɗan wata 6 zuwa 59 ne, ga hannun hagu, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Ƙasa da milimita 115 ja, a kai shi likita ranar nan. Daga 115 zuwa ƙasa da 125 rawaya. Daga nan sama kore. Wannan dabarar ta koya wa uwaye su auna da kansu a nan ƙasarmu anka gwada ta, wajen Mirya cikin jahar Damagaram, kafin ta bazu wasu ƙasashe. Abin kunya ne mu mu ɓata ta da hoton da kwamfuta ta yi mafarkinshi.

Laminu:
Baba, ai ana sake ce mata ta gyara. Kuma mai zane ma yana kuskure.

Isuhu:
Yana yi, amma in ka nuna masa sau ɗaya ya gane, ita kuwa ta gyara igiya ta ƙara wa uwa yatsa. Ban ce a yar da ita ba, Laminu. Ni ina amfani da ita wajen bayan hoto, gida, bishiya, rijiya. Duk inda hoton ke koyar da yadda ake yin abu da hannu, awo, haɗa ruwan SRO na maganin gudawa cikin lita 1, narkar da ƙwayar rigakafi, ba na yarda da ita. Kuma tana da wata ɗabi'a, in ka ce mata Afirka da rashin lafiya sai ta ba ka yaro mai ƙuda a ido da tsumma a jiki, don irin hotunan da ta koya da su ke nan. Uwa ba ta son ta ga an zana ta haka.

Ramatu:
Maganar da Laminu ya yi cewa babu wanda aka ɗauka, ita ce ta tuna mini abin da ba mu faɗa ba. Lasisi izinin mai ɗaukar hoto ne kawai. Bai ce komai ba kan wanda ke cikin hoton. Ka ɗauko fuskar wata baiwar Allah daga Pexels ka sa a afish na sida ko yoyon fitsari ko tazarar haihuwa, ka ce ai kyauta ne, alhali ka jingina mata abin da ba ta sani ba. Su kansu Pexels sun rubuta cewa kada a nuna mutumin da ake iya ganewa ta hanyar da za ta zubar masa da mutunci. Kuma kada ku ce ai ƴar wata ƙasa ce. Hoton da aka ɗauka a Sakkwato in ya hau bango a Ƙwanni, kafin sati ya zagayo wani ɗan kasuwa ya gane ƙanwar matarsa.

Hajiya Zainabu:
Shi ya sa ni ra'ayina a ɗauki namu. Kayan aro ba ya rufe katara. Kowane rele yana da waya. A dama kunun nan a ƙwaryarmu a ɗauka. A ɗaura sange cikin ɗakin kara, da kuma a tsakar gida inda mutane ke kwana lokacin zafi, don hotunan waje kullum gado ne mai katifa cikin ɗaki mai silin, sai mutum ya ce ni ba ni da inda zan rataya. A ɗauki hannun uwa tana narkar da ƙwayar amodiyakin, maganin rigakafin zazzaɓin nan, ta rana ta 2 da ta 3, waɗanda ita ke ba yaro a gida bayan masu rabo sun tafi, don nan ne ake yawan yin sakaci. Yawancin abin da muke son nunawa hannu ne da kwano, fuska ba ta da aiki a ciki.

Sani:
In za ku ɗauka da waya, don Allah ku ji tawa, ni ke shan wahalar daga baya. Kada ku turo mini ta WhatsApp a matsayin hoto, yana matse shi, a waya ya yi kyau, a takarda ya zama dusa. Ku turo a matsayin dokima, ko ku kawo a kile USB. Hoton da zai cika A4 da kyau yana son wajen 2480 da 3508 na ɗigo, A3 ya fi haka. Ku ɗauka da safe ko bayan la'asar, cikin inuwa, rana tsaka tana ƙone fuska da farar riga.

Sannan ku faɗa mini gaskiya tun farko ko za a yi fotokopi daga baya. Na san ku, ana buga ɗari masu launi, in sun ƙare sai a kai injin baƙi da fari. Katin awon dantse in ya bi ta can, ja da kore duk toka-toka suke fitowa. Wannan shafin ko dai a buga shi da launi a yi masa leda, ko a bar shi. Sauran shafukan zanen layi ya fi hoto jure fotokopi nesa ba kusa ba.

Isuhu:
Ka ga Sani in ya bar maganar goge tambari malami ne. Akwai hanyar tsakiya da masu zanen katunan nan ke bi: a ɗauki hoton gaskiya, mace ta zauna yadda ake so, hannu a inda ya dace, sannan a bi kansa da layi a mayar da shi zane, a sauya kamannin fuska. Matsayin jiki ya fito daidai, ba wanda za a gane, kuma fotokopi ba ta kashe shi. Inkscape kyauta ne, yana yin wannan. Laminu, ga inda hannunka zai yi amfani.

Laminu:
Wannan zan iya. A turo mini uku in gwada.

Majo Abdu:
Ko za a mai da shi zane, a nemi yardar mai jiki tukuna, kuma ba cikin ɗakin awo ba. Macen da ta kawo ɗanta da tamowa, kana sanye da farar riga ka ce in ɗauke ki hoto, ba ta iya ce maka a'a, tana tsoron a hana ɗanta biski, abincin maganin tamowa. Wannan ba yarda ba ce. A same ta gida, wanda ba shi ke ba ta magani ba shi tambaye ta, a gaya mata inda hoton za shi, bango ne ko littahi ko waya, a gaya mata in ta ƙi ba abin da za ta rasa. Kuma ku san garinmu, in maigida bai sani ba, ranar da ya ga matarshi ga bangon likita ku da rele za ku sha magana. Ga takarda a rubuta, ta sa hannu ko ta dangwala.

Isuhu:
Doka ma tana bayan Baba. Tun 2017 muna da dokar kare bayanan mutane, da hukumar HAPDP mai kula da ita, kuma abin da ya shafi lafiyar mutum yana cikin bayanan da aka fi tsaurarawa a kansu. Hoton yaro a gadon CRENI, inda ake kwantar da masu tamowa, bayanin lafiya ne.

Ramatu:
To in an yi wannan wahalar duka, ni roƙona kada hotunan su mutu cikin wayar mutum ɗaya. A ɗora su a Commons. Wata ungozomar a Maraɗi ko Katsina tana can tana neman ƙwaryar kunun nan, kuma maƙalolin lafiya na Wikipedia ta Hausa suna fama da rashin hotunan gida.

Hajiya Zainabu:
A nan zan saɓa miki ɗiyata. In matar ta dawo bayan shekara ta ce mijinta ya ce a cire, za ki iya cirewa?

Ramatu:
Gaskiya ba lalle ba. Lasisin Creative Commons ba a janye shi. Ana iya roƙon a goge daga Commons, amma duk wanda ya riga ya sauke yana da ikon ci gaba da amfani da shi, har a talla.

Hajiya Zainabu:
To kin ji. Ta yaya zan fahimtar da matar da ba ta taɓa riƙe babbar waya ba cewa fuskarta za ta iya fitowa a tallar wani kamfani a ƙasar da ba ta taɓa jin sunanta ba, har abada? Ko ta dangwala yatsa goma ban ɗauka ta gane abin da ta yarda da shi ba. Bango na san shi, in ta ce a cire in sa hannu in yage.

Ramatu:
Ban ƙi taki ba Hajiya, amma in muka bi wannan har ƙarshe, hoton mutanenmu da zai rage a intanet shi ne wanda baƙi suka ɗauka ba tare da sun tambayi kowa ba. Akwai ma'aikatan lafiya da ƴan rele da suka san intanet sarai, su za su iya tsayawa a ɗauke su da saninsu.

Hajiya Zainabu:
Ma'aikaci baligi da ya san abin da yake yi, wannan ruwansa. Marar lafiya da yaro, ban yarda ba.

Hadiza:
Ni dai ga yadda zan yi da nawa. Sauro daga PHIL, Baba Majo ya duba mini shi kafin ya shiga. Alamomi daga Health Icons. Shayarwa zan fara tambaya a gunduma. Abinci da sange da narkar da magani mu ɗauka da kanmu, hannu da kwano, Laminu ya bi awon dantse da layi. Waɗanda babu fuska na yarda Ramatu ta ɗora. Hajiya, in na haɗa na gwaji zan turo miki ki nuna wa mata ba tare da an karanta musu rubutun ba, mu ji abin da za su ce sun gani. Saura abu ɗaya, sunan mai hoto a ina ake rubuta shi? Shafin ya riga ya cika.

Ramatu:
Ƙaramin layi a gefen hoton ya isa, ko ki tara su duka a bangon baya. Sunan hoton, sunan mai shi, inda kika samo, da lasisin, misali CC BY-SA 4.0, in kin yanke ko kin ƙara wani abu ki ce an gyara. Ki rubuta su ranar da kika sauke, ki ɗauki hoton shafin da lasisin ke kai ki ajiye tare da fayil ɗin, don bayan wata biyu ba za ki tuna daga ina kowanne ya fito ba. Naku kuma da za ku turo mini, kowanne ya zo da sunan wanda ya danna wayar, don shi ne mai hoton, shi zai ba da lasisin, ba mai wayar ba.

Sani:
Layin nan kada ya gaza girman rubutu 6, in ya fi haka ƙanƙanta injina cinye shi yake. Kuma ku bar mini rabin santimita a kowane gefe saboda yanka.